Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga gwamnonin Arewa 19: dan Allah ku sakar wa kasuwar hatsi mara

Assalamu alaikum.

Masu girma gwamnoni, Allah ya taimake ku, Allah ya ƙara lafiya. Da farko dai in faɗa muku ni ba ɗan siyasa bane, bani da katin kowace jam'iyya kuma ba kwangila nake nema ba, dan kar gobe yaranku na soshiyal midiya su ce 'yan adawa ne suka biya ni. Hatsi nake saya ina sayarwa a Dawanau, masara da dawa da gero, wani sa'in wake ko waken suya in kasuwa ta bada fuska. Da ɗinkin buhu da awo na fara a rumfar maigidana tun ina saurayi, yau gashi furfura ta fara leƙowa. Abin da yasa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutun shine na gaji, duk sanda abinci yayi tsada sai a nuna mu da yatsa, in yayi arha kuma manomi ya shiga uku babu mai waiwayarsa, kuma duka biyun in ka bi sawu a hankali sai ka tarar da hannun hukuma a ciki dumu-dumu.

Roƙo ɗaya nazo dashi, ku sakar wa kasuwa mara. Nasan wani zai ce ai yawancin abubuwan da zan faɗa na Abuja ne ba na jiha ba. To amma ku ne kuke zama a majalisar tattalin arziki ta ƙasa tare da mataimakin shugaban ƙasa, dukkanku mambobi ne, kuma yankinku ne yake noma abincin, in baku yi magana ba waye zai yi?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomin gyaɗa ne, yaga zamanin dala da idonsa. In aka nuno hoton dalar gyaɗa a talabijin ana kai jiya ba yau ba, sai kawai yayi murmushi yace mu da muka noma ta mun san abin da ke ƙarƙashin dalar. Hukumar sayen gyaɗa ce take yanka farashi a wancan lokacin, ita kaɗai ke da ikon fitarwa ƙasar waje, dilolin da ta ba lasisi su ke saye a hannun manomi, kuma kuɗin da ake bashi bai kai na kasuwar duniya ba, rarar ta tafi asusun gwamnati. An yi aiki da wani ɓangare na kuɗin, ban musa ba, amma gumin manomi ne aka tatsa ba tare da an tambaye shi ba. Da fari yazo a farkon shekarun 1970, cuta ta sake afkawa gyaɗar a 1975, mutanen da dama ba wata riba suke samu ba sai suka watsar suka koma gero da dawa abinsu. Sai a 1986 aka rushe waɗannan hukumomi, lokacin dala ta daɗe da zama labari. Na kawo wannan ne dan ku san ciwon ba sabo bane.

A watan Agusta 2019 aka rufe boda, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Aka ce dan a kare manomin shinkafa ne. Shinkafar waje bata daina shigowa ba, kowa ya sani, hanya kawai ta canza daga titi ta koma daji a bayan babur, kuɗin ta kuma ya ƙaru da na masu kau da kai. Wanda ya sha wuya shine ɗan Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba da kasuwancinsa na halak ya tsaya cak, mutumin da kakanninsa suke kai kaya Maraɗi da Ƙonni da Damagaram tun kafin Bature ya ja layi a taswira. Shirin bashin manoma na babban banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 kuma ya lashe sama da naira tiriliyan 1, da yawa ba a biya ba, dan tun farko mutane sun ɗauke shi a matsayin rabon ganima, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ma ya samu in yana da uwa a gindin murhu. Aka je Abuja a Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa aka ɗau hoto. Farashin buhu bai ji an yi ba.

Canjin kuɗi na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 kam ba sai na tsaya ba, kun gani. Ni dai da idona naga dattijo a kasuwar ƙauye ya karyar da buhun masararsa dan kawai mai saye yana da tsabar kuɗi a hannu, shi bashi da asusun banki balle a ce masa taransifa, ga mara lafiya ya bari a gida.

Amma inda nake so in daɗe shine Fabrairun 2024, dan har yanzu abin yana min ciwo. Ku tuna yadda aka zo wurin. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, an saki naira a watan Yuni, dala da take wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 cikin watanni, ga bashin da gwamnatin baya ta ci a babban banki na naira tiriliyan 22.7 wanda a gaskiyar magana buga kuɗi ne kawai aka yi aka zuba a gari. In kuɗi yayi yawa kaya basu ƙaru ba ai ko yaron shago ya san abin da zai faru. Ga kuma manoman Zamfara da Katsina da Birnin Gwari da Shiroro da basa iya zuwa gona sai sun biya 'yan bindiga haraji, a biya kafin shuka a sake biya kafin girbi. Kuɗin mota ya ninka saboda man dizal. Sefa tayi ƙarfi akan naira har ya zama ɗan Nijar in yazo da kuɗinsa abincinmu arha yake gani. Duk waɗannan suka taru abinci ya tashi, mata suka fito zanga-zanga a Minna, hankalin gwamnati ya tashi, sai aka duba aka rasa wanda za a kama sai ɗan kasuwa. Aka zo aka garƙame sito-sito a Dawanau da sunan ɓoye abinci, jihar Neja ta hana sayen abinci da yawa a kasuwannin ƙauye a fita dashi, aka riƙa tare motocin hatsi a hanyar boda. Da talaka yaji daga bakin hukuma cewa ga ɓarayin da suka jefa shi a yunwa, me kuke tsammani? Ba a jima ba aka fara tare tireloli a titi ana wawashewa.

Masu girma, sito ba laifi bane. Da kaka manomi yana buƙatar kuɗi a lokaci ɗaya, biyan bashin taki, auren 'ya, kuɗin makaranta, gyaran ɗaki, kowa ya fito da amfaninsa kasuwa ta cika. In babu wanda zai saya ya ajiye farashi zai faɗi ƙasa warwas manomi ya tashi a tutar babu, sannan in damina tayi tsakiya, wajen Yuli da Agusta lokacin da rumbun kowa ya ƙare, babu inda za a samu ko tiya ɗaya. Mu muke ɗaukar wannan kasadar da kuɗinmu, mu biya haya, mu biya maigadi, mu sayi maganin ƙwari, mu yi ta fama da ɓera da ruwan da ke yoyo ta rufi, wata shekarar a ci riba wata shekarar a faɗi har da uwar kuɗi. Shekarar faɗuwa ba a taɓa kiran taron manema labarai akanmu ba. Kuma yawancin kayan da ke cikin manyan sito ɗin nan ma na kamfanonin abincin kaji ne da masu sarrafa abinci da masu kaiwa kudu, an saya ana jiran mota.

Nasan akwai hadisin da ya hana ɓoye kaya dan a ƙuntata wa mutane, kuma ban ce duk ɗan kasuwa waliyyi bane, akwai marasa tsoron Allah a cikinmu kaman yadda suke a kowace sana'a. Amma a Dawanau mu dubbai ne, ga Dandume ga Giwa ga Saminaka ga Gujungu ga Potiskum, ta yaya dubban mutanen da kowa ke neman ya riga ɗan'uwansa samun mai saye zasu haɗa baki su riƙe farashi? Ko mutum 10 ne a layi ɗaya sai wani ya zame ya sayar da daddare. Sannan masu kawo wancan hadisin su kan manta da ɗayan, wanda Anas ya ruwaito, yana cikin Abu Dawud da Tirmizi, lokacin da kaya suka yi tsada a Madina sahabbai suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka musu farashi yaƙi, ya nuna musu cewa Allah shine mai yanka farashi, mai ƙuntatawa mai yalwatawa mai azurtawa, kuma yana fatan ya haɗu da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Ni ba malami bane, nasan malamai sun yi bayanin yanayin da shugaba zai iya sa baki in an tabbatar da zalunci, amma ku lura da kalmar, in an tabbatar. Ba a fara da kwaɗo da 'yan jarida sannan a koma bincike.

Sai kuma aka juya. A watan Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Ni a ra'ayina buɗe ƙofa ba laifi bane, wanda ke cewa a bar kasuwa tayi halinta bai kamata ya yi kuka dan an bar kaya sun shigo ba, kuma talaka ya samu sauƙi alhamdulillah. Inda gizo ke saƙar shine yadda aka yi abin. Sharuɗɗan da aka gindaya sai manyan kamfanoni masu injina ne zasu iya cikawa, wato ƙofar an buɗe ta ne ga 'yan tsiraru. Manomi kuwa ya riga ya sayi taki da maganin feshi da tsadar dala, ya shuka da lissafin farashin da ya gani, ba wanda ya gaya masa za a canza doka ana tsakiyar damina. A 2025 farashin masara da shinkafa ya rikito taki bai sauko ba, har ya zama sai ka sayar da buhun masara fiye da ɗaya kafin ka sayi buhun taki ɗaya. Ku duba fa, da tsada tazo an hana shi fitar da kayansa inda zai samu kuɗi, da arha tazo an barshi shi kaɗai da asararsa. Akwai abokin cinikina da ya daɗe yana kawo min masara daga yankin Kaduna, bana da na kira shi yace Alhaji ni fa na rage gonar, abin da zamu ci kawai na shuka, sauran na zuba waken suya dan shi baya cin taki. Irinsa nawa ne? Wannan amsar zamu ganta a farashi nan gaba, kuma nasan in ta fito mu za a sake zagi.

Haka aka yi wa matan da ke tsintar ƙwarar kaɗanya a Neja da Kwara da Kebbi, Agustan 2025 aka wayi gari an hana fitar da ita waje na wata 6 wai dan masana'antun gida su samu, nan take farashin ta ya faɗi. Wato an cire daga aljihun matar ƙauye mai yawo a daji da ƙwarya an saka a na mai masana'anta. Wannan ba irin hukumar gyaɗar da mahaifina yake bada labari bace da sabuwar riga?

To yanzu ga wanda yake hannunku kai tsaye, babu batun Abuja. Dan Allah wata rana ɗayanku ya cire babbar riga ya ajiye jiniya ya shiga gaban tirelar hatsi daga kasuwar ƙauye zuwa Kano, ko daga Kano zuwa kudu. Kafin mota ta tashi an biya kuɗin kasuwa, kuɗin lodi, kuɗin ƙungiya, kuɗin amfanin gona na ƙaramar hukuma. Ka fita ba nisa sai ga katako mai ƙusoshi an jawo shi tsakiyar titi, samari uku huɗu da riga mai ƙyalli da sanda, ɗaya riƙe da bandir ɗin rasit da ba ka san wanda ya buga ba. Wata tafiya da na bi mota da kaina muka nuna musu rasit ɗin da muka yanka ƙasa da awa ɗaya da ta wuce, yaron ya juya shi ya kalla yace wannan na waccan ƙaramar hukumar ne, nan kuma daban. Direba ya buɗe wata tsohuwar jaka cike da sitika da takardu kala-kala, kusan gilashin motar ma ba wurin liƙa sabuwa, duk da haka sai da aka ce akwai wadda bamu da ita. Muka yi ta ciniki kaman ana sayen akuya rana tana dukanmu, daga ƙarshe aka karɓa ba rasit. Na daina ƙirga shingen da muka wuce kafin mu isa. Duk wannan kuɗin ba daga aljihuna yake ƙarewa ba ranka ya daɗe, akan buhu nake rabawa, mai kwano ya raba akan kwano, matar da ta zo sayen rabin tiya da yamma ita ce take biyan yaron nan mai katako. Shi kansa Taiwo Oyedele, lokacin yana shugaban kwamitin gyaran haraji na tarayya, ya sha faɗa cewa harajin da ake karɓa a hukumance ya haura 60, na bayan fage kuma sun fi 200. An sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, amma dokar da ke takarda bata ɗauke katako daga titi, ku ne zaku ɗauke shi dan yaran shugabannin ƙananan hukumominku ne. Kuma abin kunya ne a ƙasar da Shehu Usmanu ya lissafa ɗora wa talakawa jangali da kuɗin gari da ƙwace a kasuwa cikin laifukan sarakunan da ya yaƙa, a ce yau jikokinsa ne ke tsaye da sanda a bakin hanya.

Sai maganar kuɗin da ke shigo muku. Tunda aka cire tallafin mai kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, wannan ba ɓoyayyen abu bane duk wata ana bugawa. Talaka ya biya da cikinsa, to ina canjin? Abin da muke gani shine gadar sama a babban birni, motocin alfarma, kujerun Makka ga 'yan jam'iyya, rabon shinkafa da taliya da hotonku a jikin buhu. Ciyarwar azumi ta biliyoyi kuwa, ban ce kar a taimaki mabuƙaci ba Allah ya kiyaye, amma in gwamnati ta shigo kasuwa da kuɗi mai yawa ta kwashi gero da shinkafa a sati biyu farashin take ɗagawa ga wanda rabon bai kai gare shi ba, kuma su ne suka fi yawa. Takin gwamnati kuma mun san hanyarsa, a ƙaddamar da biki bayan shuka tayi nisa, a raba wa masu kati, kwana uku ka ganshi a kasuwa ana sayarwa da tambarin jiha a jiki. Taraktocin da ake sayowa duk sabuwar gwamnati ku je ku duba bayan ma'aikatun gona ku ga inda suke kwance ciyawa ta fito ta cikinsu.

Gwamnati bata iya kasuwanci ba, kuma wannan ba zagi bane, wanda ba kuɗinsa bane ba zai hana idonsa barci akansu ba. Duk wanda ya kai shekaruna ya tuna zamanin NITEL, kamfanin waya na gwamnati, layukan waya a duk faɗin ƙasar nan basu kai rabin miliyan ba, sai kana da hanya. Da aka bada lasisi a 2001 kamfanoni suka shigo, layi ya fara da tsada sosai, Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sauran suka bi dole, yau mai tura baro a Dawanau yana da waya a aljihu yana jin farashin Legas kafin ya ɗaura kaya. Ba kwamitin farashi ne ya sauko da kuɗin layi ba, gasa ce. Ku kwatanta da matatar mai ta Fatakwal da aka amince a kashe mata dala biliyan 1.5 a 2021, aka buɗe da biki a ƙarshen 2024 aka sake rufewa a 2025. Ta Kaduna kuma ba sai na ce komai ba, a ƙofar gidanku take.

Kar kuma a fahimce ni a karkace, in na ce a saki kasuwa ba ina nufin a ɗaure wa manyan attajirai gindi su danne ƙanana ba. Wannan ma shine abin da nake kuka dashi, dan duk wata hani da lasisi na musamman da rangwamen haraji na ɓoye, babban ne yake amfana, shi ke da lambar minista. Ƙaramin ɗan kasuwa doka ɗaya yake so wadda ta hau kan kowa kuma bata canzawa da tsakar dare.

Akwai aikin da ba wanda zai iya sai ku, kuma shi aka bari. Manomi ya je gona ya dawo da ransa ba tare da ya biya ɗan bindiga ba. Hanyar ƙauye da mota zata shiga da damina, dan akwai garuruwan da kuɗin fito da buhu zuwa bakin titi a babur ya kusa kai kuɗin kawo shi Kano. Madatsun ruwa irinsu Tiga da Bakolori da Goronyo a yashe magudanansu a yi noman rani da gaske. Kotun da in wani ya cinye min kuɗin kaya zan samu hukunci kafin jarina ya mutu. Mudu da sikeli na gaskiya a kasuwa, wannan kam ku sa ido ku hukunta mai tauyewa da mai zuba ƙasa a buhu ko da ni ne, bazan ce uffan ba. Ku kuma matsa wa Abuja ta faɗi dokar shigo da kaya da fitar da su tun kafin ruwan farko ya sauka, ta barta a haka shekaru, kowa yayi lissafinsa.

In kun ga dama ku turo wakilai Dawanau ba tare da jiniya ba, ku zo da safe wajen ƙarfe 10 lokacin da motocin ƙauye ke sauke kaya, ku zauna akan buhu mu sha shayi, a kira direbobi su zazzage muku jakar rasit ɗinsu a gabanku ku ƙirga da kanku.

Wassalam.

Naku,
wani ɗan kasuwar hatsi, Dawanau, Kano.